Mun Kai Baba Ya Ga Kogi

Ana sallame sallar asuba a Harami muka ɗaure kayanmu, ni da Baba, muka gangaro daga Jarwal, unguwarmu a Makka, zuwa inda motocin Jidda suke tsayawa. Ku da kuke tare ni kullum a bakin bazan kuna tambayar ina na shige wata biyu, ga labarin nan gaba ɗaya, don in huta da maimaitawa. Wanda bai san ni ba, ni mai ga-ruwa ne. Tun ina saurayi nake ɗibar ruwa a bazan, wato matattarar ruwan unguwa, garwa biyu a sanda, ina hawa da su gidajen mutane. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, duk Jarwal an san ni da wannan.

Kayan namu ba yawa: tabarma biyu, tukunya, buta, gwangwani huɗu na Zamzam don tsaraba, sai wani farin ƙunshi da Baba ya rungume, bai yarda kowa ya riƙe masa ba. Likkafaninsa ne. Tun da daɗewa ya saye shi, aka tsoma shi a Zamzam, aka shanya a farfajiyar Harami ya bushe, yadda tsofaffinmu suke yi.

Baba masunci ne daga ƙasar Kabi. Shekara bakwai suka yi a hanya shi da Inna, yawanci a ƙafa, su yi noma nan su yi su can, har suka iso Makka da niyyar a nan za a binne su. Yayata a goye aka taho da ita, ni kuwa a hanya aka haife ni. Bara Inna ta cika nata burin, aka kai ta maƙabartar Ma'ala. Daga ranar Baba ya juya fuska bango. Abinci sai cokali biyu, magana sai an matsa, likkafanin nan ya baro akwati ya dawo ƙarƙashin matashinsa. Na kai shi wajen wani likita Bahindiye, ya duba ido, ya duba harshe, ya ce dattijon nan ba shi da ciwon da ake sha wa magani.

Ana nan sai alhazan bana suka zo da wasiƙa daga Baffa, ƙanen Baba, wanda suka rabu a hanya shekara talatin da suka wuce. Yana wani gari Malakal, can kudancin Sudan a bakin kogin Nilu, yana su, ya ce yana so ya ga ɗan'uwansa kafin ƙasa ta rufe idon ɗaya. Ina karantawa Baba ya juyo, abin da ya yi wata da watanni bai yi ba. Ya ce, "Wanga kogi nasu, akwai giwan ruwa ciki?" Tambayar nan kaɗai ta sa na yanke shawara.

Da na gaya wa Yaya sai ta yi tsalle ta dire. "Haram alaik! Mutum ya taka shekara bakwai don a sa shi a Ma'ala, ga Inna can, kai ka ɗauke shi ka kai shi ya mutu a daji? Wallahi in ka dawo ba shi, kada ka tako mini ƙofa."

Na ce, "Yaya, ai a zaunen ma tafiya yake yi."

Ta ce, "Gara nan. Halas, magana ta ƙare!"

Kuma gaskiyarta ce, shi ya sa maganar ta zauna mini a ƙirji. In Baba ya rasu a wata ƙasa, ni ne na raba shi da abin da ya baro gida da dangi dominsa. Shi ya raba gardamar da kansa, ya ce za shi ya gano ƙanensa, a miƙo masa ƙunshinsa kawai. Da wannan nauyi na hau motar Jidda.

Ba zan ɓata muku lokaci da farkon hanya ba, don ba daɗinta na ji ba. Motar kaya ce, an jibge mu bisa akwatunan alhazai masu komawa gida, kowane rami ta faɗa sai na ji kamar ƙashin Baba zai watse a hannuna. Jirgin teku ya fi muni. Kwana ɗaya da yini muka yi a ciki, sama ruwa ƙasa ruwa, babu tudu ko na rantsuwa, kowa na amai a kan ɗan'uwansa. A Sawakin aka tsare mu kwanaki a karantina. Daga nan jirgin ƙasa, bencin katako, ƙafarka a kan kayan wani, kan wani a kafaɗarka. Duk tsawon wannan Baba shayi kaɗai yake kurɓa. A wata tasha na sayo masa kisira, wainarsu ta dawa, da miyar kuɓewa mai zafi, ya gutsura sau ɗaya ya ture. Na dube shi ya rame kamar sandar ɗaukar ruwata, na ce a raina yau na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina.

Da hantsi muka iso Kosti. Kafin a shiga garin jirgin yakan bi ta kan wata doguwar gada ta ƙarfe, ni ina gyangyaɗi, sai na ji Baba ya dafa gwiwata ya miƙe zaune. Bai leƙa ba tukuna, hanci ya ɗaga yana shaƙa. Ya ce, "Ka ji? Ƙamshin laka." Na leƙa ta taga, sai ga ruwa shimfiɗe, faɗinsa ya fi daga Jarwal zuwa Harami, yana tafiya abinsa ba mai tsaronsa. Ni da na girma ina ganin ana dambe a layi saboda garwa guda, sai na saki baki.

Muka kwana biyu a zangon Hausawa na garin, muna jiran ranar jirgin kudu. Can Fallata ake ce mana. Da suka ji daga Makka muke, aka rasa inda za a ajiye mu, wannan ya kawo fura, wancan ya kawo yaronsa a shafa masa kai.

Jirgin kogi ba kamar na teku yake ba. Gida ne mai hawa biyu, a bayansa wata ƙatuwar ƙafa mai allunan katako tana juyawa tana dukan ruwa, kuma itace yake ci. An ɗaure masa manyan kwale-kwalen ƙarfe masu rumfa a gefe da gaba, sandal suke ce musu, a nan mu talakawa muke zama tare da buhunan gishiri da awaki. Hawa na sama na manya ne, ma'aikatan gwamnati da fatake masu hali. A cikinsu akwai wani tsohon Bature da matarsa, kullum suna kan kujera da madubin hangen nesa. Kukunsu, wani mutumin kirki mai son hira, ya gaya mini ba aiki ya kawo su ba, ba ciniki ba, hutu suka zo, su je ƙarshen hanya su dawo. Na ce a raina lallai abin duniya ya yi musu yawa, mutum ya baro gidansa don ya zauna yana kallon tsuntsu.

Kafin mu shiga na yi abin da har gobe in na tuna sai na rufe fuska. A sanina duk ruwan da ya kai wannan yawa ba ya shawuwa, don na Jidda ma haka yake, ga yawa ga gishiri. Tafiya kuma ta kwana huɗu ce, da tsoho marar lafiya. Sai na samo garwa biyu, na sayi ruwa a wajen wani mai jaki, na rataya a sanda, na hau jirgi da su ina taƙama, ko ɗigo bai zuba ba. Wani ma'aikacin jirgi ya tsaya yana kallona. Sai ya jefa guga ta gefen jirgi, ya jawo, ya miƙo mini. Na kurɓa. Ruwa garɗi, ya fi na bazan ɗinmu daɗi nesa. Ya nuna mini can bakin gaɓa, sai ga mai jakina tsugune yana cika salkarsa a kogin nan dai.

Duk sandal ɗin aka kwashe da dariya, har matan da suke rufe baki da mayafi. A cikin dariyar na ji wata da na sani, wadda rabona da ita tun Inna na da rai. Baba ne, yana yi yana tari. Ya ce, "Ɗan masunci da guzurin ruwa bisa kogi! Allah shi jiƙan uwarka, da ta ga wanga da ta yi shekara tana faɗi." Wallahi da za a ce in sake sayen garwa goma don in ji dariyar nan, da na saya.

Aka busa ƙaho, ƙafar ta fara juyawa, muka kama kudu. Abu na farko da na lura shi ne jirgin ba ya tangaɗi. Ka ajiye kofin shayi a ƙasa, ka je ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a gefen da yake duban gaɓa, na rataya buta a ƙusa, na kafa murhu a kan farantin ƙarfe, shi ke nan mun yi gida. A mota da jirgin ƙasa kullum cikin sauke kaya da ɗora kaya kake, kana ƙirga tsohonka da tukunyarka. Nan kuwa tabarmarka tana wuri ɗaya, garuruwa ne suke zuwa su same ka. Ga tudu hagu da dama, ido yana da abin kamawa, zuciya ba ta tsorata yadda take yi a teku.

Matsalarmu ɗaya alƙibla. Mu da muka saba mu fito ƙofar gida mu san inda Harami yake, nan kogin sai lanƙwasa yake yi. Aka ce tunda mutanen Makka ne a jirgi, ni zan ja salla. Mu kabbara muna duban inda ma'aikacin jirgi ya nuna, kafin mu kai tahiya rana ta koma ɗaya kunnen. Wani malami Basudane ya ce mu kwantar da hankali, ba mu muka juya ba, jirgi ne.

Rana ta biyu muka tsaya a wani ƙauye don ɗaukar itace. Duk inda jirgi ya tsaya kasuwa take ci nan take. Mata suka zo da nono a ƙwarya, ƙwai, gyaɗa, kankana, kaji a ɗaure. Kifin da a Makka sai mai hali yake ganinsa, nan da ƙurshi ɗaya a cika maka hannu biyu. Na zaɓi wanda ya fi girma na kawo wa Baba ina jiran yabo. Ya ɗaga kunnen kifin da yatsa, ya duba, ya dube ni. Ya ce, "Wanga tun jiya yam mutu. Mai da mata." Na koma, matar tana ganina ta fashe da dariya ta canza mini da karfasa uku masu motsi. Da na zaro wuƙa zan gyara, Baba ya ce in ba shi kafin in wulaƙanta halittar Allah. Hannun nan da yake rawa in ya riƙe kofi, da ya kama wuƙa da kifi ko gezau. Ya fafe, ya wanke, ya tsaya a kaina har na dafa yadda yake so, ba mai da yawa, barkono da albasa da gishiri kawai. Ya cinye ɗaya da rabi, ya shanye romon, ya tsotse kan. Na juya baya kamar ina gyara wuta, don kada ya ga hawayena.

Daga nan tafiya ta zama wata iri. Yini guda ba abin da muke yi sai zama da kallo, kuma ban gaji ba. Dorina su fito da kai su yi huci su koma. Kada kwance a yashi baki buɗe, wani ɗan tsuntsu yana yawo a gefensa ba tsoro. Shanu masu manyan ƙahoni sun sauko shan ruwa, makiyayansu dogaye tsaye a ƙafa ɗaya sun jingina da mashi, mu kalle su su kalle mu. Baba ya zama malami. Ya dubi fuskar ruwa ya ce nan akwai zurfi, can akwai yashi, jim kaɗan sai ka ga matuƙi ya kauce wa wurin da ya nuna. Ya ga wani masunci ya jefa birgi, irin komar nan da ake wurgawa ta buɗe, ya yi tsaki ya ce da ƙugu ake jefawa ba da hannu ba.

Ni kuwa halina bai bar ni ba. Wata mata kusa da mu takan jawo guga cike ta wanke kwano ɗaya ta watsar, sai in ji kamar a jikina aka yanka. Rana ta uku na kasa daurewa na ce, "Baiwar Allah, ai wannan ruwan ya isa gida guda yini." Ta dube ni, ta dubi kogin, ta sake jawo wani gugan ta watsar ba ta wanke komai ba. Ranar na yi wanka da guga bakwai, ina yi ina waige kamar ɓarawo.

Da safen kwana na huɗu na farka daga barcin bayan asuba, tabarmar Baba wayam, ga ƙunshin a ajiye. Na zabura na miƙe. Na bi sandal ɗin nan ina tsallake mutane ina leƙa ruwa, muryar Yaya tana yi mini amo a ka. Can ƙarshen jirgi na same shi zaune da mai hura wutar injin, ya karɓi zare da ƙugiya a wajensa, ya saƙala hanjin kaza, yana jira. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya ɗaga mini hannu in yi shiru kada in kore masa kifi. Sai daga baya na tuna, ranar ce farkon da ya tashi ya bar ƙunshin nan a baya.

A Malakal Baffa yana bakin gaɓa, ashe duk jirgin da ya zo sai ya fito. Na zaci za su rungume juna su yi kuka. Ina! Suka durƙusa suna gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau, kamar jiya suka rabu, har ƙafata ta yi sanyi. Suna gamawa Baba ya ce masa ya tsufa, Baffa ya ce ai gara shi yana da haƙora. Kafin mu isa gida sun tayar da gardamar wani kwale-kwale da ya nutse musu tun suna samari, kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya yi tuƙin banza. Kwana goma muka yi. Kullum da sassafe su fita a kwale-kwale, ni a tsakiya na ƙanƙame katako. Baba ya karɓi birgi ya jefa, ya faɗa a dunƙule. Ya sake, haka. A na uku ya buɗe ya yi da'ira ya sauka a kan ruwa, Baffa ya yi kabbara. Giwan ruwa ma mun gan shi, mutum biyu suka ɗauko shi a sanda, kuma Baba ya ce na ƙasarsu ya fi.

Jirgin da ya kawo mu shi ne ya juyo daga ƙarshen hanya muka shiga, tsohon Bature da matarsa suna nan a sama. Aka ba mu wuri kusa da wani dattijo da matarsa, mutanen ƙasar Katsina. Shekararsu goma sha ɗaya a hanyar Makka, sun yi noman auduga, sun yi wankau, sun binne 'ya'ya biyu, yanzu sun tara abin da zai kai su. Da dattijon ya ji inda muka fito sai ya matso da tabarmarsa. Yini yake yi yana tambayar Baba. Ɗakin Allah tsawonsa ya kai kuka? Da gaske ne tattabarun Harami ba sa gudun mutum? Baba ya yi ta ba shi labari, shi kuma yana lumshe ido yana murmushi.

Rana ta biyu zazzaɓin sauro ya kwantar da Baba da dattijon nan. Jikin Baba ya yi zafi kamar dutsen Makka da azahar, haƙoransa suna haɗuwa, yana kiran sunan Inna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na dubi gaɓa, daji ne da ciyawa, na ce a nan ke nan zan haƙa masa, in koma in tsaya a ƙofar Yaya in ce me? Kukun nan ya hau sama ya gaya wa matar Bature, ta aiko da kwinin na mutum biyu. Na fasa gwangwanin Zamzam ɗaya da ya rage mana muka ba su da shi. Ruwa kuwa ga shi ba iyaka, na yi ta jawo guga ina jiƙa zane ina shafa musu, ni da matar dattijon. A Jarwal da sai na yi tunani sau biyu kafin in jiƙa zane na uku.

Wayewar gari Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, ya buɗe ido ya ce a ba shi kunu. Dattijon kuwa da hantsi ya cika, kansa a cinyar matarsa. Saura kwana ɗaya mu isa Kosti.

Matuƙin jirgi ya ce za a tsaya ɗaukar itace nan gaba kaɗan, zai ba mu lokaci mu yi masa sutura. Aka yi masa wanka da ruwan kogi. Sai maganar likkafani. Matar ta zazzage jakarsu, babu farin ƙyalle sai wani tsohon rawani da ya yage, ta ce da niyyarsu su saya a Makka su tsoma a Zamzam. Aka shiga tambayar fatake ko akwai mai farin yadi. Ana cikin haka Baba, da ko zama bai iya yi sosai ba, ya jawo ƙunshinsa daga ƙarƙashin kai ya miƙo mini.

Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, kai ma fa jiya jiya ne. In wani abu ya faru kafin mu isa, ba Ma'ala ba likkafani?"

Ya ce, "Bawan Allah ya yi shekara goma sha ɗaya yana biɗar Makka bai iske ta ba. To ga Makka ta zo ta iske shi. Kai masu."

Na ce, "Yaya fa?"

Ya ce, "Sai ka lallaɓa ni in isa gida da ƙafata. Ni dai ban shirya ba."

Na kwance ƙunshin, ƙamshin turaren da Inna ta sa masa tun tuni ya tashi. Da aka gaya wa matar ko wane irin yadi ne, ta kifa fuska a kai ta daɗe ba ta ɗago ba. Muka binne shi a kan tudu ƙarƙashin wata aduwa, Hausawa da Sudanawa sahu uku, har tsohon Bature ya sauko ya cire hula ya tsaya daga nesa. Aka busa ƙaho muka koma jirgi. Matar mun bar ta a hannun mutanen zangon Kosti ta yi takaba, Baba ya ce mata in ta iso Makka baɗi ta tambayi gidan mai ga-ruwa mai karkatacciyar kafaɗa a Jarwal.

Jirgin ƙasa, teku, motar Jidda, duk mun sake shan su, amma wannan karon Baba ne yake ƙorafin abinci ya yi kaɗan. Da la'asar muka hango duwatsun Makka. Na yi wata ajiyar zuciya da sai da na kusa da ni ya waiwayo. Muka yi umara, aka aske mana kai, sannan muka hau Jarwal, Baba a gaba da sandarsa, ni a baya da kaya.

Yaya tana ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ga shi ya yi baƙi, kumatu sun ciko, sai ta durƙushe tana kuka tana cewa alhamdu lillahi. Ni ko kallona ba ta yi ba sai da ta gama, sannan ta ce, "Ya ahuya, ɗan'uwana, shigo mana, ka tsaya a waje kamar baƙo." Tana kwance kaya ta fito da busasshen kifi, ta fito da birgin da Baffa ya ba shi, ta juya tabarma, ta zazzage buhu. Ta ce ina ƙunshin? Baba ya ce ya ba wanda ya fi shi gaggawa, ita dai ta ɗora tukunya.

Abin da na koyo bai da yawa. Na janye maganar da na yi a kan tsohon Bature da matarsa, ashe sun san abin da suke yi. Zama a kan ruwa mai tafiya a hankali, ba ka ɗauke da komai, ba wanda yake kiranka, magani ne da likita Bahindiye ba shi da shi a kwalba. Duk mai tsoho a gida da ya juya fuska bango, ya bincika abin da hannunsa ya saba yi tun yana yaro, ya kai shi wurin ko da nisa. Kafaɗata ma ta huta, sati guda da dawowa sanda tana yi mini ciwo kamar sabon shiga.

Yaya ba ta iya barci gidan ba likkafani. Ran Juma'a ta sayo sabon yadi, na tsoma shi a Zamzam na shanya a farfajiyar Harami, ta naɗe shi ta kawo wa Baba. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran birgi, a garin da ba kogi, maƙwabta suna wucewa suna yi masa dariya. Ta ɗaga matashinsa za ta sa a inda na dā yake zama. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "A'a, can ƙasan akwati za ki sa shi, ki ɗora kayan sanyi bisa. Na yi wa Baffanku alkawarin komawa in ruwa ya janye."